Barazana Hamsin a Awa Ɗaya

A watan Afrilun 2013 Babban Bankin Ingila ya ba da sanarwar sabunta takardar fam biyar. Za a cire hoton Elizabeth Fry, matar da ta ƙarar da rayuwarta wajen gyara halin da mata fursunoni ke ciki a gidajen yari, a sa na Winston Churchill. Idan aka ɗauke Sarauniyar Ingila, wadda a lokacin ke fuskar kowace takarda saboda gadon sarauta, sai ya zama babu sauran mace ko ɗaya a jikin kuɗin bankin. Wata 'yar jarida mai suna Caroline Criado Perez, wadda a lokacin ba ta cika shekara 30 ba, ta ce wannan bai dace ba. Ta buɗe takardar koke, mutum sama da 35,000 suka sa hannu, aka tara kusan fam 13,000 don a kai bankin kotu bisa dokar daidaito ta 2010.

Ba a kai ga kotu ba. Sabon gwamnan bankin, Mark Carney, ya kama aiki a farkon Yuli, kuma ranar 24 ga watan ya fito gaban 'yan jarida ya ce hoton marubuciya Jane Austen zai hau takardar fam goma daga 2017. Caroline na tsaye a gefensa, tare da 'yar majalisa Stella Creasy. Iyakar abin da ta yi ke nan: ta nemi a sa hoton mace a jikin kuɗi, aka amince.

Kafin ta gama amsa barka, saƙonni suka fara shigowa shafinta na Twitter daga mutanen da ba ta taɓa gani ba, su ma ba su taɓa ganinta ba. Da farko zagi. Daga nan sai barazanar fyaɗe, dalla-dalla, har da bayanin yadda za a yi da abin da za a yi amfani da shi. Sai barazanar kisa. Ta ce akwai lokacin da saƙonni kusan 50 ke shigowa a kowace awa, aka ɗauki awa 12 a haka ba sassauci. Wasu suka wallafa adireshin da suke zaton na gidanta ne. Ta kasa ci, ta kasa barci, ta rame cikin 'yan kwanaki. Mai hali irin wannan ba ya sanin ko wanda ya ce zai zo yana wata nahiya ne ko yana bakin layinsu, kuma wannan rashin sanin shi ne asalin azabar.

Shawarar da aka yi ta ba ta, duk wanda aka taɓa tsangwama a intanet ya san ta: ki share su, ki toshe su, ki ajiye wayar, kada ki kula mahaukaci. Ta ƙi. Ta riƙa sake wallafa saƙonnin domin jama'a su ga abin da ake aiko mata, ta kuma kai ƙara wurin 'yan sandan London. A ganina ta yi daidai, domin wannan shawara tana ɗora wa wanda aka zalunta hukuncin barin wurin sana'arsa. 'Yar jarida da aka ce ta bar intanet, an ce ta bar aiki ne. Kuma toshe shafi ba ya hana mai shi buɗe wani cikin minti biyu, kamar yadda shari'ar da ta biyo baya ta tabbatar.

Stella Creasy, wadda ke wakiltar Walthamstow a majalisa ƙarƙashin jam'iyyar Labour, ta fito ta mara mata baya. Nan take guguwar ta juyo kanta, har sai da ta sa aka kafa mata maɓallin kiran agajin gaggawa a gida. Cikin mako guda wasu mata 'yan jarida, irin su Hadley Freeman ta Guardian da Grace Dent ta Independent da Catherine Mayer ta mujallar Time, suka sami saƙon cewa an dasa bam a ƙofar gidajensu, har da lokacin da zai tashi. Mary Beard, wadda a lokacin farfesar tarihin Rumawa ce a Jami'ar Cambridge, ita ma ta sami irinsa.

A wancan lokacin, mai son kai ƙorafi ga kamfanin Twitter sai ya cike wani dogon fom a kan kowane saƙo ɗaya. Mai karɓar 50 a awa yaushe za ta gama? Caroline ta ce ta tuntuɓi wani jami'in kamfanin kai tsaye, sai ya kulle shafinsa. Wata mata ta buɗe koke tana neman a sa maɓallin kai ƙorafi a jikin kowane saƙo, mutum sama da 100,000 suka sa hannu cikin 'yan kwanaki. Yvette Cooper, mai magana da yawun 'yan adawa kan harkokin cikin gida a lokacin, ta rubuta wa kamfanin tana cewa martaninsa ya gaza. A farkon Agusta shugaban Twitter na Birtaniya, Tony Wang, ya fito ya ba matan haƙuri, kamfanin ya yi alkawarin sa maɓallin a ko'ina.

To amma maɓalli ba ya kama mutum. Iyakar abin da kamfani zai yi shi ne rufe shafi. Kamawa da gurfanarwa aikin hukuma ne, kuma nan ne labarin ya fi ɗaukar darasi, domin doka tana nan tun kafin a ƙirƙiri Twitter. Akwai dokar 1988 da ta hana aika saƙon mugunta, wadda tun asali an yi ta ne saboda wasiƙun da ake turawa ta gidan waya ba suna. Akwai dokar kariya daga tsangwama ta 1997, wadda ke buƙatar a nuna cewa mutum ɗaya ya maimaita abin aƙalla sau biyu, kuma tana ba kotu ikon hana shi kusantar wanda ya tsangwama ko tuntuɓarsa. Akwai sashe na 127 na dokar sadarwa ta 2003, wanda ya haramta aika saƙon barazana ko na batsa ko mai tsananin cin mutunci ta hanyar sadarwar jama'a, hukuncinsa bai wuce wata shida ba. Barazanar kisa kuwa laifi ne tun a dokar 1861, kuma tana iya kai mutum shekara 10. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta ce sai mai ƙara ya san sunan wanda ya yi masa barazana kafin ya je ofishin 'yan sanda. Gano shi yana cikin aikin bincike.

Sai dai masu gabatar da ƙara sun shigo wannan lamari da tabo a jikinsu. A 2010 wani matashi da ya ga dusar ƙanƙara ta sa an rufe filin jirgin da zai yi tafiya daga shi ya rubuta a Twitter, cikin wasa da takaici, cewa zai tarwatsa filin jirgin sama na Robin Hood idan ba a gyara ba cikin mako guda da 'yan kwanaki. Aka tuhume shi da wannan sashe na 127, aka same shi da laifi, ya rasa aikinsa. Sai a Yulin 2012 Babbar Kotu ta wanke shi, ta ce saƙon da bai jefa tsoro a zuciyar mai hankalin da ya karanta shi ba, ba barazana ba ne. Bayan wannan abin kunya ne shugaban masu gabatar da ƙara na lokacin, Keir Starmer, wanda ya zama firaminista a 2024, ya fitar da ƙa'idoji a Yunin 2013, wata guda kacal kafin a far wa Caroline. Ƙa'idojin sun ce a bi da ƙarfi idan barazana ce ta gaske, ko tsangwamar da aka auna wani mutum da ita, ko saɓa umarnin kotu. Idan kuwa zagi ne da baƙar magana, komai ɗacinsu, sai an kai wani babban mizani kafin a je kotu.

Wannan rarrabewa ita ce mai ƙara zai fara cin karo da ita a gaban tebur. Wanda ya zo yana cewa “ana zagina” zai iya komawa gida hannu rabbana. Wanda ya zo da cewa ga shafi kaza, a rana kaza da ƙarfe kaza ya rubuto cewa zai same ni ya kashe ni, ya kuma sake rubutowa washegari da wani suna, ga hotunan saƙonnin da adireshin kowanne, shi ya kawo abin da ɗan sanda zai iya buɗe wa fayil. A Birtaniya ana kiran 999 idan haɗarin na kusa, 101 idan ba na gaggawa ba ne, kuma ana ba mai ƙara lambar shari'arsa da zai riƙa bibiya da ita. Mutum cikin firgici abin da ya fi so shi ne ya goge saƙon kada ya sake ganinsa. Wanda ya goge kuwa ya goge hujjarsa.

Gano mai shafin bogi yana da matakai. 'Yan sanda za su nemi kamfanin ya ba su imel ko lambar wayar da aka buɗe shafin da ita, da lambar layin intanet ɗin da aka hau da shi. Daga nan su je wurin kamfanin da ya sayar da layin ya faɗi gidan wa ne. A lokacin hedikwatar Twitter tana San Francisco, ƙarƙashin dokar Amurka, saboda haka takarda takan yi doguwar tafiya kafin amsa ta dawo. Ga kuma agogo yana tafiya, domin a lokacin laifin sashe na 127 wata shida kawai doka ta bayar a shigar da ƙararsa, in ya wuce shi ke nan.

An yi kamun farko ranar 28 ga Yuli, wani ɗan shekara 21 a yankin Manchester. Amma ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure daga baya ba 'yan sanda ne suka fara gano shi ba. Wani mai shirya shirin Newsnight na BBC ne ya bi sawunsa a intanet har ya gano ko wane ne, ya miƙa bayanin ga hukuma. Wannan ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, in an sa kai.

Tsakanin Caroline da masu binciken ma ba a wanye lafiya ba. A watan Satumba ta fito fili ta ce an nemi ta sake bin dubban saƙonnin ta tattaro hujjojin da ta riga ta miƙa, abin da ta ɗauka a matsayin an ɓatar da su. Rundunar 'yan sandan ta musanta cewa ta ɓatar da wani abu. Ko wane ne ke da gaskiya, a tsaya a duba abin da ake nema daga gare ta: ta zauna ta sake karanta bayanin yadda za a yi mata fyaɗe, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su bisa kwanan wata. Kamar a ce wa wanda ɓarayi suka fasa wa gida ya bi sawunsu da kansa, in ya kai ƙofarsu ya dawo ya faɗa. Ta rufe shafinta na ɗan lokaci a wannan watan. Da aka tuhumi mutum biyu a Disamba kuma, ta koka cewa 'yan jarida sun riga ta ji.

Ranar 7 ga Janairun 2014 mutanen biyu suka tsaya a kotun majistare ta Westminster, suka amsa laifinsu. Masu gabatar da ƙara suka shaida wa kotu cewa daga shafuka 86 aka aika wa Caroline saƙonnin cin zarafi. Duk wanda ya zo kallon dodanni bai gan su ba. Ɗaya saurayi ne ɗan shekara 25 daga South Shields, wanda lauyansa ya ce ba ya aiki, ba shi da abokai, da ƙyar yake fita gida in ba zubar da shara ba. Ya buɗe shafuka da dama da sunaye daban-daban, ana toshe wannan yana dawowa da wancan, yana gaya mata cewa zai nemo ta, kuma yana jin daɗin yadda ake yaɗa maganganunsa. Ɗayar kuwa mace ce, 'yar shekara 23 daga Newcastle, mai digirin jami'a, wadda aka sha kamawa saboda maye. Ta rubuta wa Caroline cewa ta je ta kashe kanta, ta kuma ce fyaɗe shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai same ta. Ta ce a buge take, kuma zaman banza ne ya ishe ta. Babu ɗayansu da hoton Jane Austen ya dama. Sun ga taro yana jifa ne, suka ɗauki dutse.

Ranar 24 ga Janairu alƙali Howard Riddle ya yanke wa matar mako 12, saurayin mako 8, ya umarci kowannensu ya biya diyyar fam 800. Ya ce da wuya a iya tunanin barazanar da ta fi waɗannan muni, ya kuma lura cewa ɓoye suna ya ƙara wa abin tsanani, tunda matan ba su da hanyar sanin girman haɗarin da suke ciki. Wannan magana ta alƙali tana da nauyi, domin ta rushe uzurin da irin waɗannan mutane ke kawowa cewa ai ba su yi niyyar aikatawa ba. Wadda aka aika wa saƙon ba ta ga zuciyarka ba, rubutunka ta gani.

Mutum na uku da aka gurfanar wani direban kai kaya ne ɗan shekara 33 daga Bristol, magidanci. Shi bai amsa laifi ba. Ya ce 'yancin faɗar albarkacin baki yake karewa, kuma raha yake yi. Cikin abin da ya yi har da sake wallafa barazanar fyaɗe da wani ya rubuta wa Stella Creasy, da kiran matan biyu mayu. Kotu ta same shi da laifi, a ƙarshen Satumban 2014 aka ba shi mako 18, aka kuma hana shi tuntuɓar ko ɗaya daga cikinsu. Shari'arsa ta nuna cewa wanda ya tura barazanar wani gaba shi ma ya aika ta. Caroline ba ta gamsu ba. Ta ce abin da mutumin ya yi bibiya ce da tsangwama mai tsari, wadda ya kamata a tuhume shi da ita ƙarƙashin doka mai tsanani, maimakon a tsinci saƙonni kaɗan a ce su ne laifin.

Mary Beard ta bi wata hanya da ɗaya daga cikin masu zaginta. Wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya aika mata batsa da sunansa na gaskiya, sai ta wallafa. Wata da ta san danginsa ta ce za ta ba farfesar adireshin mahaifiyarsa. Ba a ɗau lokaci ba yaron ya dawo yana tuba. Daga baya suka haɗu suka ci abinci, har ta rubuta masa takardar shaidar hali da yake neman aiki, domin ba ta son kuskure ɗaya ya bi shi har abada. Halin dattako ne, kuma ya yi aiki saboda yaron yana da suna da uwa da kunya. Wanda ya ɓoye fuska ya ce ya dasa bam, ba a kai ƙararsa wurin uwarsa.

Mai karatu a Najeriya yana da dalilin bin wannan labari, domin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya ɗauko lafazinsa kusan kai tsaye daga waɗannan dokoki na Birtaniya: saƙo mai tsananin cin mutunci, mai barazana, ko wanda aka aika don jawo damuwa da takura. An ɗauko lafazin, ba a ɗauko ƙa'idojin da ke taka wa masu gabatar da ƙara birki ba. Sai sashen ya yi suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar manya, har Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya tauye 'yancin magana, aka gyara shi a Fabrairun 2024. Ɓangaren da ya shafi jefa mutum cikin tsoron kisa ko rauni yana ɗauke da hukuncin da ke iya kai shekara 10, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiyar laifukan intanet a Abuja. Abin da ke damuna shi ne dokar da take saurin tashi idan an taɓa mai mulki ta zama mai nauyin jiki idan budurwa ce ta zo da wayarta tana kuka. Caroline tana da 'yar majalisa a gefenta, da jaridu, da BBC, duk da haka mutum uku aka ɗaure cikin wannan taro, bayan wata shida zuwa sama da shekara guda. Wadda ba ta da kowa, hujjar da ta adana da lambar ƙararta da naci su ne kawai ƙarfinta, kuma bai kamata hukuma ta bar ta da wannan kaya ita kaɗai ba.

Majalisar Birtaniya ta ɗan motsa bayan shari'o'in. A 2015 aka ɗaga hukuncin dokar 1988 daga wata shida zuwa shekara biyu, aka kuma tsawaita wa'adin shigar da ƙarar sashe na 127 zuwa shekara uku, domin bincike ya sami sarari. A shekarar ne shugaban Twitter na duniya, Dick Costolo, ya amsa a wata takarda ta cikin gida cewa kamfanin ya daɗe yana gazawa wajen magance cin zarafi. Caroline ba ta yi shiru ba. Ita ta jagoranci neman a kafa mutum-mutumin Millicent Fawcett, mai fafutukar ba mata 'yancin zaɓe, a dandalin majalisa, aka buɗe shi a 2018, na farko na mace a wurin. A 2019 ta fitar da littafinta Invisible Women. Matar Newcastle, bayan ta fito, ta bayyana nadamarta a kafafen yaɗa labarai tana gargaɗin matasa.

Saurayin South Shields kuwa mako 8 bai gyara shi ba. Ya koma ga wata 'yar majalisa, Luciana Berger, wadda Bayahudiya ce. A 2016, makonni kaɗan bayan an kashe 'yar majalisa Jo Cox a kan titi a mazaɓarta, ya aika wa Berger hoton wuƙa, ya ce abin da ya sami Jo Cox zai same ta. Bayan wannan kisa babu ɗan sandan da zai sake ce wa 'yar majalisa ta kashe wayarta ta kwanta. A Fabrairun 2017 kotun Newcastle ta ɗaure shi wata 27. Sai a dokar kare masu amfani da intanet ta 2023 aka ware laifi na musamman ga mai aika barazanar kisa ko fyaɗe ko mummunan rauni, da hukuncin da ke kai shekara biyar, kuma ya fara aiki ranar 31 ga Janairun 2024, shekara goma da mako guda bayan hukuncin kotun Westminster.